Gregor Mendel: Ɗan Manomin da Ya Gano Ƙa'idojin Gado

Gabatarwa

Ku dubi 'yan ajinku ko 'yan gidanku. Za ku ga wani ya ɗauko tsawon mahaifinsa, wata ta ɗauko hancin kakarta. Za ku kuma ga yara biyu uwa ɗaya uba ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya, amma ɗaya siriri ne, ɗayan kuwa mai jiki. Hausawa sun daɗe da lura da wannan. Idan ɗa ya biyo iyayensa, sukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan kuwa ya saɓa musu, sai su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Lura dai an yi ta tun zamanin da. Amma mutumin da ya fara zama ya ƙirga, har ya fito da ƙa'idojin da gado yake bi, shi ne Gregor Mendel. A wannan darasi za ku karanta tarihin rayuwarsa. Za ku kuma ga yadda aikin da ya yi a wani ƙaramin lambu yake taimaka wa likitocin yau su fahimci dalilin da ya sa ƙiba take bin wasu gidaje.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Mendel a watan Yuli na shekarar 1822, a wani ƙauye mai suna Heinzendorf. A lokacin ƙauyen yana ƙarƙashin daular Ostiriya, a yau kuwa yana cikin Jamhuriyar Cek, a tsakiyar Turai. Iyayensa sun raɗa masa suna Johann, harshen gidansu kuma Jamusanci ne. Yana da yaya mace, Veronika, da ƙanwa, Theresia.

Mahaifinsa, Anton, ƙaramin manomi ne. Bisa dokar wancan zamani, tilas ne ya yi wa mai ƙasa aikin kwana uku a kowane mako ba tare da lada ba, sauran kwanakin ya yi nasa. Anton yana son itatuwa masu 'ya'ya, kuma a wurinsa yaron ya koyi yi wa itace aure, kamar yadda masu lambu suke yi wa mangwaro a ƙasarmu.

Malamin makarantar ƙauyen ya ga yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, ya ba iyayensa shawara su bar shi ya ci gaba da karatu. A 1834 aka kai shi makarantar sakandare a garin Troppau. Kuɗin iyayensa bai isa ya ci ya ƙoshi ba, don haka ya yi karatu da yunwa. A 1838 wani gungumen itace ya faɗo wa mahaifinsa, ya ji masa mummunan rauni, har noma ya gagare shi. Daga nan Mendel, yana ɗan shekara 16, ya koma koyar da 'ya'yan masu hali don ya sami abin sawa a baki. Wahala da damuwa suka kayar da shi fiye da sau ɗaya, ya koma gida ya yi jinya ta watanni.

A 1840 ya shiga wata babbar makaranta a garin Olmütz. Da kuɗi suka yanke, ƙanwarsa Theresia ta ba shi rabon da aka ware mata na kayan aure, don kada ya bar karatu. Bai manta da wannan alheri ba. Bayan shekaru da yawa, da ya sami hali, shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

Gidan zuhudu

A 1843 malaminsa na fiziks, Friedrich Franz, ya nema masa shiga gidan zuhudu na Waliyyi Toma a birnin Brno. Gidan zuhudu wuri ne da wasu mabiya ɗarikar Katolika suke zama tare, ba sa aure, suna ibada da karatu. A nan ne aka ba shi sabon suna, Gregor. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa halin talauci ne ya zaɓa masa wannan hanya, domin ta raba shi da fargabar abin da zai ci gobe.

Ya kuwa faɗa hannu nagari. Gidan yana da babban ɗakin karatu da lambun tsirrai, kuma shugabansa, Cyril Napp, mutum ne mai son ilimi. Brno birnin masaƙu ne, arzikinsa ya dogara da ulu, wato gashin tumaki. Saboda haka makiyayan yankin suna son su san yadda za su sami raguna da tumaki masu haifar 'ya'ya masu kyakkyawan gashi. Napp yana halartar tarurrukansu, kuma ya nuna musu cewa tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, mene ne ake gada, kuma ta yaya ake gadonsa.

An naɗa Mendel fada a 1847. Aikinsa ya haɗa da ziyartar marasa lafiya a asibiti, amma ganin masu shan wahala ya tayar masa da hankali har shi ma ya kwanta. Da Napp ya ga haka, sai ya tura shi koyarwa a garin Znaim a 1849.

Malamin da ya faɗi jarrabawa

Ku da kuke shirin jarrabawa, ku lura da wannan. A 1850 Mendel ya zauna jarrabawar samun takardar shaidar malanta, ya faɗi. Maimakon ya yi fushi da shi, Napp ya aika shi Jami'ar Biyana, babban birnin Ostiriya, inda ya yi karatu daga 1851 zuwa 1853. A can ya koyi fiziks a wurin Christian Doppler, ya koyi ilimin tsirrai a wurin Franz Unger. Masana fiziks sun koya masa abin da masana tsirrai na lokacin ba su damu da shi ba: a tsara gwaji tun kafin a fara, a auna, a ƙirga, sannan a nemi ƙa'ida a cikin alƙaluma.

A 1854 ya fara koyar da fiziks da ilimin halittu a wata sakandare a Brno. A 1856 ya sake gwada jarrabawar malanta, bai samu ba. Haka ya yi shekara 14 yana koyarwa a matsayin malamin wucin gadi, ɗalibansa kuwa suna ƙaunarsa saboda haƙurinsa da iya bayaninsa. A shekarar da ya faɗi jarrabawa ta biyu ne ya fara aikin da ya sa duniya ta san shi.

Shekara takwas a lambu

A zamanin Mendel, yawancin masana sun ɗauka cewa siffofin uwa da na uba gauraya suke yi a jikin ɗa, kamar yadda farin fenti da baƙi suke haɗuwa su ba da ruwan toka. Idan haka ne, me ya sa siffar kaka takan ɓace a jikin 'ya'ya, sannan ta dawo a jikin jika? Mendel ya ƙudura ya gano amsar.

Ya zaɓi waken Turawa, wato ƙananan waken nan kore masu kama da 'ya'yan carbi, waɗanda ake zubawa a soyayyiyar shinkafa. Ya samo iri 34 daga masu sayar da iri, ya yi shekara biyu yana shuka su don ya tabbatar kowane iri yana haifar irinsa, sannan ya ware 22. Daga nan ya zaɓi siffofi bakwai, kowace mai fuska biyu kawai. Misali, ƙwaya ko dai sumul ce ko mai tamoji, cikinta ko rawaya ne ko kore, tsiron kuma ko dogo ne ko gajere.

Aikin yana bukatar haƙuri. Yakan buɗe fure tun bai nuna ba, ya cire sashen da yake fitar da garin fure, ya ɗebo garin wani tsiro dabam ya shafa masa, sannan ya kare furen don kada ƙwari su kawo wani gari. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka tsirrai kusan 28,000, yana rubuta abin da kowanne ya haifar.

Ga abin da ya gani. Da ya haɗa dogon tsiro da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye, babu matsakaici ko ɗaya. Da ya bar waɗannan 'ya'ya suka yi iri da kansu, sai gajarta ta dawo a jikoki: dogaye 787, gajeru 277. Haka ya samu a siffar ƙwaya: sumul 5,474, masu tamoji 1,850. A launi kuma, rawaya 6,022, kore 2,001. Ku ɗauki alƙalami ku raba babban adadi da ƙarami a kowane misali. Za ku ga amsar tana kusa da 3. Wato a cikin kowane huɗu, uku suna da siffa ɗaya, ɗaya yana da ɗayar.

Daga wannan lissafi aka fahimci cewa kowace siffa tana da wani abu da yake ɗauke da ita, wanda a yau muke kira ƙwayar gado. Kowane tsiro yana da guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ba sa gauraya, ba sa narkewa. Idan suka bambanta, ɗaya takan yi rinjaye, ɗayar ta laɓe. Mai laɓewa ba ta bayyana sai ta haɗu da 'yar'uwarta mai laɓewa, kuma wannan yakan faru sau ɗaya a cikin huɗu.

Kun riga kun san misalin wannan a Nijeriya. Idan miji da mata duka suna da jini AS, su kansu lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai SS, wato mai ciwon sikila. Gwajin jinin da ake yi kafin aure a kan ƙa'idar Mendel ya ginu.

Furen da ya ƙi bin lissafi

Akwai wani ƙaramin gwaji da ba a cika ambata ba, alhali shi ne ya fi kusa da maganar ƙiba. Mendel ya haɗa wani wake dabam mai jan fure da wani mai farin fure. A jikoki ya yi tsammanin ja uku, fari ɗaya. Sai ya ga launuka hawa-hawa, daga ja mai duhu zuwa mai haske, kuma a cikin tsirrai 31 da suka yi fure, ɗaya ne kawai fari.

Bai ɓoye wannan sakamako ba. Ya kawo shi a rubutunsa, ya ba da shawara cewa wataƙila launin furen ba abu ɗaya ne yake ɗauke da shi ba, biyu ne ko fiye, kowanne yana bin ƙa'idar a kan kansa. Idan biyu ne, fari zai fito sau ɗaya a cikin 16, sauran kuma su kasance hawa-hawa. Ku riƙe wannan tunani, za mu dawo gare shi.

Shirun masana

Mendel ya gabatar da sakamakonsa a gaban ƙungiyar masana halittu ta Brno a zama biyu, ranar 8 ga Fabrairu da ranar 8 ga Maris, 1865. An buga shi a mujallar ƙungiyar a 1866, aka aika da ita ɗakunan karatu fiye da 100. Shi ma ya karɓi kofe 40, ya aika wa manyan masana. Kusan babu wanda ya gane muhimmancin abin da ke ciki, domin masana tsirrai ba su saba ganin lissafi a fagensu ba.

Wani babban masani a birnin Munich na Jamus, Carl Nägeli, ya amsa masa, suka yi shekaru suna musayar wasiƙu. Nägeli ya ƙarfafa masa ya ci gaba da gwaji a kan wata ciyawa mai rawayan fure da shi Nägeli ya ƙware a kanta. Furannin ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin ƙara girma, har idanun Mendel suka yi ciwo. Sakamakon kuma bai yi daidai da na wake ba. Sai bayan rasuwarsa aka gano dalili: wannan ciyawa takan yi iri ba tare da garin uba ba, saboda haka 'ya'yanta uwa kaɗai suke biyowa.

Shugabanci da ƙarshen rayuwa

Mendel mutum ne mai jiki, kuma ƙiba ta yi ta ƙaruwa masa da shekaru. A wata wasiƙa da ya aika wa Nägeli a 1867 ya yi wa kansa ba'a, yana bayyana cewa nauyin jikinsa ya hana shi hawa duwatsu neman tsirrai. Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa wani likita ya ba shi shawarar shan taba don ya rame, har ya kai ga shan sigari mai kauri kusan 20 a rana. A yau mun san wannan shawara cutarwa ce, domin taba tana lalata zuciya da huhu.

Napp ya rasu a 1867, kuma a 1868 aka zaɓi Mendel ya gaje shi. Shugabanci ya cinye masa lokacin gwaji, ko da yake bai daina kiwon ƙudan zuma da rubuta yanayin sama kullum ba. A tsakiyar shekarun 1870 gwamnati ta ɗora wa gidajen zuhudu sabon haraji. Mendel ya ga an yi rashin adalci, ya ƙi biya, ya yi ta jayayya da hukuma har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1884, yana da shekara 61, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Mutanen Brno sun yi jimamin shugaba mai kyauta, amma ba su san sun binne babban masani ba. Bayan rasuwarsa aka ƙone yawancin takardunsa.

A 1900 masana uku, Hugo de Vries a Holan, Carl Correns a Jamus da Erich von Tschermak a Ostiriya, suka buga sakamakon gwaje-gwaje irin nasa, suka kuma ambaci rubutunsa. Shekara 34 bayan buga shi, duniya ta waiwayo.

Daga wake zuwa nauyin jiki

Nan da nan gardama ta tashi. Wasu masana suka ce ƙa'idar Mendel ta wake ce kawai, domin mutane ba su kasu gida biyu ba, dogaye da gajeru, ko masu ƙiba da sirara. Yawancin mutane matsakaita ne, kaɗan ne a can gefe. A 1918 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Ronald Fisher, ya warware gardamar. Ya nuna cewa idan ƙwayoyin gado masu yawa suka taru a kan siffa ɗaya, kowace tana ƙara kaɗan ko tana rage kaɗan, sakamakon zai fito hawa-hawa. Wannan shi ne tunanin da Mendel ya kawo game da launin fure.

Ku yi wannan misali a zuci. Idan kowane ɗan aji ya jefa kwabo sau 100 ya ƙirga sau nawa ya faɗi ta fuska ɗaya, yawancinku za ku sami kusan 50. Kaɗan ne za su sami 60 ko 40. Haka rabon ƙwayoyin gadon nauyi yake a tsakanin mutane.

Kafin mu ci gaba, ku san yadda likitoci suke auna ƙiba. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau tsawonsa. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.7 zai sami kusan 31. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligin da ya kai 30 ko fiye yana da ƙibar da ta wuce kima, wadda take ƙara haɗarin ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya.

Shaidar gado a nan tana da ƙarfi. A 1986 aka buga wani bincike a kan mutum 540 a ƙasar Danmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai. Nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka rene su ba. Binciken tagwaye da na iyalai ya nuna cewa kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin nauyi a tsakanin mutanen wuri ɗaya daga gado yake.

Akwai ƙibar da take bin tsarin waken Mendel sak, amma ba ta da yawa. A 1994 aka gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitsen jiki yake aikawa ƙwaƙwalwa don ya sanar da ita cewa akwai ajiyar abinci. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka sami yara biyu 'yan dangi ɗaya waɗanda jikinsu ba ya yin wannan sinadari, domin sun gaji ƙwaya mai laɓewa daga uwa da uba. Kullum cikin yunwa suke, ƙibarsu kuma ta yi tsanani. Da aka fara yi wa masu irin wannan lalura allurar leptin, yunwar ta lafa, nauyin ya sauka.

Ƙibar yawancin mutane kuwa irin ta launin fure ce. An rubuta ƙwayoyin gadonmu a cikin wani sinadari da ake kira DNA, mai haruffa kusan biliyan 3. Idan aka gwada na mutum biyu, za a sami bambanci a kusan harafi ɗaya cikin 1,000. Yawancin waɗannan bambance-bambance gama-gari ne, miliyoyin mutane suna ɗauke da su. A 2007 masana a Birtaniya suka bincika mutum kusan 39,000, suka gano irin wannan bambanci a wata ƙwayar gado mai suna FTO. Kashi 16 cikin ɗari na manyan da aka bincika sun gaje shi daga uwa da uba, kuma a matsakaici sun fi waɗanda ba su da shi nauyi da kilo 3 kawai.

Wannan kuwa yana cikin mafiya ƙarfi. A 2015 an san wurare 97 a cikin DNA masu alaƙa da nauyi. A 2018, bayan an bincika mutum kusan 700,000, adadin ya wuce 900, yawancinsu kuma tasirinsu bai kai na FTO ba ko kusa. Da yayyafi kogi kan cika. Da yawa daga cikinsu a ƙwaƙwalwa suke aiki, inda ake sarrafa yunwa da ƙoshi. Saboda haka mutum biyu za su ci abinci daidai wa daida, ɗaya ya ji ya ƙoshi, ɗayan yana jin saura.

Abin da gado ba ya yankewa

Kada ku ɗauka cewa wanda ya gaji waɗannan ƙwayoyi ba shi da mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Ƙwayoyin gadon 'yan Adam ba su canja a shekara 30 ba. Abin da ya canja shi ne abinci da zirga-zirga: lemon kwalba da soye-soye sun yawaita, tafiya a ƙasa da aikin ƙarfi sun ragu. A shekarun 1990 an gwada mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne a Nijeriya da Jamaika da Amurka. Ƙiba ta fi ƙaranci a Nijeriya, ta ƙaru a Jamaika, ta fi yawa a Amurka. Wani bincike na 2011 a kan manya fiye da 200,000 ya nuna cewa motsa jiki yana rage tasirin FTO da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Kowane manomi ya san wannan. Iri ɗaya ne, amma abin da zai bayar a fadama dabam yake da abin da zai bayar a tudu.

Abu biyu za ku ɗauka daga nan. Na farko, idan ƙiba ko ciwon sukari suna bin gidanku, ku fi kowa kula da abin da kuke ci da sha, ku kuma riƙa motsa jiki tun yanzu. Na biyu, kada ku yi wa mai ƙiba dariya ko ku kira shi malalaci. Mai yiwuwa yana fama da yunwar da ku ba ku ji, kuma ba shi ya zaɓi abin da ya gada ba.

Aikin bai ƙare ba. Yawancin waɗanda aka bincika zuwa yanzu Turawa ne, alhali mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya yawan bambance-bambancen gado. Don cike wannan giɓi aka kafa shirin H3Africa, wanda masanan Nijeriya suka shiga cikinsa. Shi kuwa Mendel, a 2021 masana a Brno suka buɗe kabarinsa, suka karanta DNA ɗinsa, don shirin cikarsa shekara 200 da haihuwa. Ilimin da ya faro da ƙirga ƙwayoyin wake ya kai inda ake karanta gadon mai ƙirgar.

Ma'anar kalmomi

Gado: abin da ɗa yake samu daga iyayensa, na dukiya ko na siffa.
Ƙiba: yawan kitse da nauyin jiki.
Gungume: babban guntun itace.
Wucin gadi: na ɗan lokaci, wanda ba a tabbatar ba.
Sumul: mai santsi, marar gargada.
Tamoji: yamutsewar fata ko ɓawo.
Rinjaye: fin ƙarfi.
Laɓewa: ɓuya a bayan wani abu.
Hawa-hawa: mataki bayan mataki.
Jimami: baƙin cikin rashi.
Riƙo: renon ɗan wani.
Gama-gari: abin da yake ko'ina.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Mendel, kuma mece ce sana'ar mahaifinsa?
2. Wane taimako Theresia ta yi masa, kuma yaya ya sāka mata?
3. Me ya sa makiyayan Brno suka damu da sanin yadda gado yake?
4. Ku raba 6,022 da 2,001. Me amsar take nunawa?
5. Ku bayyana yadda iyaye masu jini AS suke iya haifar yaro mai SS.
6. Mene ne bambanci tsakanin gadon tsawon waken Turawa da gadon nauyin jikin mutum?
7. Ku kawo hujja biyu daga darasin da suke nuna cewa gado kaɗai ba ya sa ƙiba.

Aiki

A darasin akwai karin magana guda uku. Ku nemo su, ku rubuta ma'anar kowanne, sannan ku kawo karin magana ɗaya daga harshenku wanda yake magana a kan kamannin ɗa da iyayensa, ku bayyana shi da Hausa.